Zama ko Tafiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da Malam da duk wanda ke cikin gidan, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? An ce har yanzu a tsaye kike wuni a gaban allo, sai ka ce an hana malamai kujera. Ki riƙa shafa maganin da na aiko, ba don ado na saye shi ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. A asibiti sun mayar da ni ɗakin yara. Wannan na tari, wancan an sa masa ƙarin ruwa, ga iyaye mata kowace gani take ɗanta ne kaɗai mara lafiya a duniya. Haka nake wuni ina rarrashin 'ya'yan mutane, in koma ɗaki in tarar da shiru.

Direban motar da ke zuwa daga wurinku ya kawo mini wasiƙar 'yarki. A tsaye na karanta ta a ƙofar asibiti, na sake karantawa a cikin mota har na kusa wuce inda zan sauka. Yarinyar da na bari tana rubuta baƙaƙe a juye, yau ita ce da shafi guda cur na Turanci. Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Tun da babanta ya rasu aikin nan ya ɗauko ni ya jefo ni nan, da ba ki karɓi riƙonta ba ban san inda zan sa kaina ba. Wannan har zuciyata na faɗe shi.

To amma ina da magana, kin san ni ba na iya haɗiye abu. Wasiƙar nan tawa ce ko taki? "My aunt says," "my aunt bought," "my aunt and I." Na yi ta neman kaina a ciki, ban samu ba sai a layin gaisuwa da layin sallama, sai kuma wuri guda a tsakiya inda ta rubuta, "I used to cry for you every day." Ni Turancina na aiki ne, in rubuta zafin jiki da awon magani in tashi, amma jikina ya ba ni wannan "used to" ɗin ba alheri ba ne. Ki gaya mini gaskiya, kuskure ta yi ko abin da take nufi ke nan?

Sai na ƙasan shafin. Kin tuna a wasiƙata ta baya na ƙara mata layi biyu da Turanci don in faranta mata, na ce ta gaya miki ki "borrow" ɗinta babban ƙamus ɗinki. To ga amsar da na samu: "Umma, it is lend, not borrow." Har da jan layi a ƙarƙashi. Yarinyar da ni na koya wa riƙe cokali. Wannan jan layin na san shi sarai, shi kika riƙa yi mini a littafina tun ina 'yar firamare, ashe gado za ki bar mata.

Ki amsa mini a takarda. A waya kowa lafiya lau yake, ita kuma in an miƙa mata sai e da a'a kamar ana yi mata tambaya a kotu.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. Malam yana amsawa. Ƙafa da sauƙi, ina shafa maganin in na tuna. 'Ya'yana samari sun yi waya daga inda suke, kowa da hidimarsa, ba mai maganar zuwa. Yarinya lafiyarta lau, ta yi tsawo har rigar makarantarta ta ɗage, na sa tela ya sake mata.

Kin yi tambaya, bari in amsa miki yadda nake amsa wa ɗalibaina. In "used to" ya zo, aikatau ya biyo shi tsirara, to abin da aka saba yi ne a da, yanzu an bari. "I used to cry," da ina kuka, yanzu na daina. Da cewa ta yi "I am used to crying," wannan kuma na saba da kuka ke nan, ya zame mini jiki. Wanne kike so ta rubuto miki a cikin biyun? Ba ta yi kuskure ba, kuma ni ban ga abin ɓacin rai ba. Watannin farko da kika tafi, bayan ƙofa take shiga da tsohon gyalenki ta yi ta kuka har ta shiɗe, ba ci ba sha. Ni na sha wannan kukan, ba ke ba. Yau Allah ya sa ta daina, maimakon ki yi hamdala sai ki kama "used to" da kokawa.

Maganar "borrow" da "lend" kuwa, laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Mu kalma ɗaya gare mu, aro, sai mu juya ta yadda muke so: na ari littafi, na ara masa littafi. Shi Bature raba musu gida ya yi. Mai bayarwa "lend," in abin ya wuce "lent." Mai karɓa "borrow." Rabin ajina ma haka suke yi, kuma ba su mutu ba da aka gyara musu. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Kuma ba ni na sa ta ba. Da na gani cewa na yi ta goge, ta ce a'a, Umma za ta so ta sani. Na ƙyale ta, amma ni na san Umman tata tun kafin ta san ta.

Yanzu ga abin da ya fi wannan duka. Bana take gama firamare. Ina so in yi mata rajista a makarantarmu, ta shiga ajin farko na sakandare a gaban idona. Shugaban makaranta ya ce zai ajiye mata gurbi har ƙarshen zango, amma sai da yardar uwa. Yarinyar nan tana da kai, Auta. Ba ta jin abu sau biyu. Da yamma in na baza littattafan da zan duba a kan tebur, kujera take jawowa kusa da ni ta riƙa nuna mini kuskuren yaran da suka girme ta. Asara ne a tumɓuke ta yanzu. Ki aiko mini da amincewarki ta hannun direba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma da sauƙi, mura ce na kwaso a wurin yara ta kwantar da ni, na tashi.

Na gode da darasi. Tunda kin koya mini, bari ki ga ko na gane: "I lent. You borrowed." Na ci ko ban ci ba, Malama? Aro na ba ki, ba kyauta ba, kuma kin fi ni sanin kayan aro ba ya rufe katara.

Ran Juma'a na kira wayarki, ita ta ɗauka. Muka gaisa irin gaisuwar tamu, e, a'a, lafiya lau. Can sai na ji ta ce, "Bari in kai wa Mama." Wallahi na ɗauka baƙuwa kuka yi. Ina nan riƙe da waya ina tunanin wace ce wannan, sai na ji muryarki. Yaushe kika tashi daga Anti kika zama Mama? Wa aka tambaya? Kin ji na yi ta tari ran nan kin ce in sha ruwan ɗumi. Ba tari ba ne, maganar ce ta tsaya mini a wuya.

Kin ce ke kika sha kukanta. Gaskiya ne. Ni kuma nawa kukan wa ya sha? Kina tsammani daɗi ne ya kawo ni garin da ban san kowa ba? Duk yarinyar da aka kwantar mai shekarunta sai na daɗe a bakin gadonta fiye da ƙima, har babbar sista ta fara yi mini tsiya wai na sami 'ya. Ke kina da ita a teburinki kullum, ni sai shafi guda, shi ma rabinsa labarinki ne.

Kada ki yi rajistar nan. An ba ni ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, da ɗan tsakar gida da famfo. Akwai sakandare a bayan asibiti, daga tagar ɗakin yara ina hango filin wasansu. Malamansu ba su kai ki ba, na yarda, amma su ma ai Turancin suke yi, ba yaren tsuntsaye ba. Ana yin hutu zan karɓi 'yata.

Na san abin da za ki ce, ta saba da ke. Sabo ai turken wawa ne. Amma don kada ki ce na yi miki ƙwace, a bar ta ta faɗa da kanta. Ki ba ta takarda ta rubuto mini inda take so ta yi karatu, ta liƙe ambulan da hannunta. Ban yarda jan bironki ya ko shinshina ta ba. Abin da ta zaɓa na yarda, ke ma ki yarda.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Allah ya ƙara sauƙin murar.

Kin ci, jimlolinki biyu ba kuskure. Da haka kike mai da hankali kina yarinya da ban sha wahalarki ba. Na kuma lura nahawunki na Hausa ya canja. Shekara da shekaru 'yarki kike cewa, ko sunanta ba kya iya kamawa, yau ta zama 'yata. To madalla.

Ban ce ta kira ni Mama ba, ban kuma hana ta ba. Yayar uwa uwa ce, ba ni na fara ba.

Na ba ta takarda da ambulan, na gaya mata abin da ake so, na ce ta faɗi gaskiya. Na fita na bar mata ɗakin, na je na zauna wurin maƙwabciya har ta gama. Ga ta nan a liƙe. Ban gani ba, ban tambaya ba.

Yayarki

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Malam, yaya ƙafa? Ni yau ko gajiyar ba na ji.

Ki yi haƙuri da zafin wasiƙata ta baya, kin san bakina ya fi zuciyata kaifi. Takardar yarinya ta zo, kuma tunda ba ki gani ba bari in kwafe miki ita baƙi da baƙi, ba ta da yawa:

"Dear Umma, Aunty said I should tell you the truth. I want to leave here. Please do not be angry."

Kin gani? Wannan ko ni mai Turancin awon magani ba sai an fassara mini ba. "Leave," ta bar nan, ta taho. Na nuna wa babbar sista don in tabbatar, ta ce haka ne, har ta rungume ni a gaban marasa lafiya. Jini ba wasa ba ne, Yaya. Kin ciyar, kin tufatar, kin koyar, Allah ne kaɗai zai biya ki, amma da aka ce ta faɗi gaskiya ga abin da ta faɗa. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata fari ƙal, har da ɗan jin daɗin cewa a takardar nan "Aunty" ta rubuta.

Na riga na sayi katifa. Na sa kafinta ya yi mata ɗan tebur da kanta ta littattafai, tunda kin mayar da ita 'yar boko. Labule ne ban saya ba, ban san launin da take so yanzu ba. Da shuɗi take so. Ki gaya mini, kin ga abin da nisa ya jawo, uwa na tambayar launin da 'yarta ke so. Ki kuma aiko mini da lambar takalminta.

Ki gaya wa shugaban makarantarku ya ba wani gurbin. In an yi hutu direba ya taho da ita, ko ki rako ta ki ga ɗakin, ki huta kwana biyu daga allo.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na san kin ga shiru, har kin yi ta kira ban ɗauka ba. Lafiya muke, ba abin da ya faru. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga, don ban san yadda zan faɗa miki ba tare da kin ce baƙin ciki nake yi ba. To ko kin ce, sai na faɗa.

Akwai kalmomi biyu da suka fi kowace kalma wahalar da yaranmu: "live" da "leave." Ta farko zama, ta biyu tafiya. A kunnen Bature ɗaya gajera ce ɗaya doguwa, a kunnenmu kuwa duk abu guda ne. Tun da na fara koyarwa ban taɓa yin ajin da ba a rubuta mini ɗaya a wurin ɗaya ba. Ita ma yarinyar haka ta yi ta yi bara. "I leave with my aunt," haka take rubutawa in tana nufin tana zaune a wurina. Sistarku ta karanta abin da ke kan takarda, ba ta san hannun da ya rubuta ba.

Ki sake duba layin ƙarshe. "Please do not be angry." In wurinki take son tahowa, fushin me za ki yi da har za ta ba ki haƙuri? Wa ake ba haƙuri in ba wanda aka ƙi zaɓa ba? Ni a karatuna cewa ta yi tana so ta zauna a nan. Da sauran rina a kaba, Auta, ki dakata da sayen labule.

Kina ta cewa ni ce mai ita kullum. Bari in gaya miki abin da ba kya gani daga can. Ni nake tashinta, ni nake tsefe mata kai, ni na kwana a kanta da ta yi ƙyanda. Amma ran da direba zai zo, tun safe kunnenta na titi. Da ta ji tsayuwar mota za ta fita ba takalmi, ta karɓi takardarki ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni da na yi mata komai sai in tsaya a tsakar gida da tsintsiya kamar 'yar aiki. Ke da layi biyu na karyayyen Turanci kina samun abin da ban samu ba da wahalar shekaru. In kishi ne, ba ke kaɗai kika iya ba. Gidan nan kafin ta zo, ni da Malam da rediyo ne.

Za ki ce me ya hana in tambaye ta. Ban tambaya ba. Ita kuma tana ta harkarta, sai dai ta rage surutu. Alkawari muka yi ba zan sa baki ba. Wannan shi ne dalilin da nake ba kaina.

Gurbin yana nan, ban ce a bayar ba.

Yayarki

*

Yaya,

Na sami takardarki. Lafiyata lau, in ana kiran wannan lafiya.

Da farko cewa na yi ƙarya kike, kin fake da nahawu za ki cinye mini 'ya. Na rubuta miki wata wasiƙa da in kin karanta ba za mu sake gaisawa ba, na yaga. Sannan na ɗauko tata na ajiye a kan teburin da kafinta ya kawo, na yi ta kallon kalmar nan kamar za ta buɗe baki. Na rufe baƙi biyun tsakiya da yatsa, na buɗe. Na faɗe ta a gajarce, na faɗe ta a tsawaice, har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko da wa nake magana.

Sai na koma kan layin ƙarshen. Na juya shi ta ko'ina ban sami inda zan ɓuya ba. Kin yi gaskiya, ba a ba wanda aka zaɓa haƙuri. Murna ta koma ciki.

Sau biyu na ɗauki waya zan ce a ba ni ita in tambaye ta da Hausa, inda ba wata kalma mai fuska biyu. Na kasa. In ta faɗa da Turanci ina iya cewa kuskure ne. In ta faɗa mini da bakin da na shayar, ban san inda zan kai shi ba.

Ina kishinki, Yaya. Tun muna yara nake kishinki, ke ce mai kai, ke ce ake nuna wa baƙi littafinki, amma wancan wasa ne. Ban taɓa zaton abin da na haifa ma zai fi jin maganarki ba. Duk da haka ni na ce abin da ta zaɓa na yarda, kuma ba zan jawo yarinya tana kuka in kulle a ɗaki biyu ina wurin aiki ba, don kawai a ce tawa ce. Ki yi mata rajista. Wannan takarda ita ce yardata, ki nuna wa shugaban naku.

Katifar zan ba sista, tana da yara. Kada ki gaya wa yarinyar na saya. Abu ɗaya nake roƙo, in ana hutu ki riƙa ara mini ita.

Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Kada ki ba da katifar.

Takardarki ta zo, na sa ta a jaka na tafi da ita makaranta. Har ƙofar ofishin shugaba na je. Yana ciki, ya ma ɗago kai ya ce in shigo. Na ce alli na zo nema, na juya. Abin da nake so yana cikin jakata da sa hannunki, amma ƙafata ta ƙi shiga, kuma ba ciwon ba ne.

Wata safiya da babu makaranta na zaunar da ita a tebur na ce za mu yi shifta, yadda muka saba. Na shirya jimlolin da kaina. "Fish live in water." "The bus will leave soon." "We live near the school." "Do not leave the door open." Na yi ta jero su ina cakuɗawa. Allah ya yafe mini, har gajarta sautin na riƙa yi da gangan inda ya kamata in ja, ni da ake biya don in faɗa daidai. Ta gama ta miƙo. Na bi da jan biro daga sama har ƙasa ina neman inda zan sa shi, ban samu ba. Ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Na ce, yaya aka yi kika daina haɗa su? Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai ke kika koya mini, Mama. Kin ce mai tafiya shi ke ɗaukar kaya, shi ya sa 'leave' ya fi yawan baƙaƙe. Mai zama ba ya ɗaukar komai." Haka ne, ni na faɗa mata, tun farkon shekarar nan. Da na rubuto miki cewa bara tana kuskuren ban yi ƙarya ba, bana ce ban so in tuna ba. Tun da nake koyarwa ban taɓa baƙin cikin ɗaliba ta cinye shifta ba sai ran nan.

Daga nan na ajiye biro na tambaye ta da Hausa. Ta daɗe tana murza gefen littafi, sannan ta ce, "Mama, ina son ki. Amma wurin Ummana nake so in je." Na ce to haƙurin me kika ba ta? Ta ce ran da za ki tafi, a bakin mota kin riƙe kafaɗarta kin ce ta zauna ta yi haƙuri, kada ki kuskura ki ji ta ce za ta biyo ki, in ta faɗa za ki yi fushi da ita. Ke kin manta, na sani. Ita tun ran nan take riƙe da shi, shi ya sa ba kya samun komai a waya sai e da a'a. Ta yi kuka, na rarrashe ta, na ce ba wanda zai yi fushi. Ni nawa sai da na shiga wanka.

Na gaya wa shugaba ya ba da gurbin. Yanzu kore take so, ba shuɗi ba. Lambar takalmin na rubuta a bayan takardar nan, ki ƙara ɗaya don ƙafar ba ta tsaya ba. Ba ta shan shayi da zafi, sai an fifita. In ta yi shiru tana murza gefen abu, magana ce a bakinta, ki jira kada ki yi mata irin gaggawarki. In ta gyara miki Turanci ki bar ta. Na sa mata babban ƙamus a akwati, wannan kyauta ne.

Direba zai taso da ita washegarin hutu. Ki je tasha da wuri, kada ta sauka ta yi ta waige-waige. Ni ba zan rako ta ba, ko tashar nan tamu Malam ne zai kai ta. Na ce mata ina da aji ran nan. Asabar ce, kuma an yi hutu. Ta dube ni ta ce, "To, Mama."

Yayarki